Dutsen Awo

Kwana hamsin da biyar shagona a rufe.
Ƙugiyoyi na lilo, ba komai a bakinsu,
ƙudaje ma sun yi ƙaura layin masu ayaba.
Ni Gebeyehu, mahauci ɗan mahauci a Dabra Markos,
na shafe wuƙa da mai, na mayar da ita kube,
yadda babana ke yi duk shekara in babban azumi ya kama.

Barin nama ba ya ba ni tsoro, na ƙoshi da ƙarninsa.
Injera da miyar garin wake bayan ƙarfe uku
sun ishe ni, Asnakech ta iya hannu.
Lissafi ne ke cina.
Da asuba ina farfajiyar coci cikin farin mayafi,
ganguna sun yi shiru sai ranar Fasika,
tsofaffi sun jingina haɓa a kan sanduna,
bakina yana cewa, Ubangiji ka yi mana jinƙai,
zuciyata tana ƙirga:
hayar shago, kuɗin makarantar Tiruwark,
cikon kuɗin bijimin da na yanka tun Janairu
wanda mai shi bai gaji da aiko yaronsa ba.

A mako na biyar mai otal ya zo,
takalminsa bai taɓa gaisawa da laka ba.
Ya ce, baƙina 'yan kwangilar hanya ne, ba ruwansu da azumi.
Rago biyu a mako, ta ƙofar baya. Wa zai gani?
Ya faɗi kuɗi. Na ji su har tafin ƙafa.
Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Daren nan na zauna da fitila a shago,
na tara hujjoji kamar itacen girki.
Ciyar da baƙo ai ba zunubi ba ne.
Allah da kansa ya ba ni 'ya, ya san karatu ba kyauta ba.
Ba ni zan ci ba.
Kowace hujja mai kyau ce, kowace tana da ƙiba.
Hannuna har ya kai kan kube,
sai gwiwar hannuna ta bugi sikeli,
dutsen awo ya faɗo, ya gangara ƙarƙashin benci.

Na durƙusa nemansa, muryar tsohon ta same ni a can:
Yaro, dutse ake fara ɗorawa, sannan nama.
In ka fara da nama, idonka ne zai yi awon,
ido kuwa ɗan uwan aljihu ne.

Na daɗe a durƙushe, ƙarfen a tafina, da sanyinsa.
Shekara nawa ina cika faranti da haya, da bashi, da gobe,
in ya rinjaya, sai in yanko ɗan guntun lokaci
in jefa wa Allah a sama,
kamar gyaran da nake yi wa mai sayen kilo?
Mai shagon da bijimin da numfashin
na mai da shi gyara.

Da safe na ce wa mai otal a'a.
Ya ɗaga kafaɗa, ya tsallaka wurin wani.
Sama ba ta tsage ba, ba wanda ya yafe mini bashi.
Yaron nan ya dawo ran Talata.
Na sayar da rediyo, na biya rabin makaranta.
Asnakech ta yi kwana biyu ba ta ce mini uffan ba,
ran na uku ta ƙara mini albasa a miya.

Har yanzu ina ƙirga a coci, ba zan yi ƙarya ba.
Sai dai in na kama kaina a tsakiyar lissafi,
nakan sauke komai daga faranti,
in sake ɗora dutsen.
Jiya sau bakwai.
Yau, kafin firist ya ɗaga gicciye, sau huɗu.

Saura kwana goma sha tara.
Wuƙa na barci a kube.